Inda na kai da tara tsofaffin kwanuka: yanzu har tuwo ake ci a cikinsu

'Yan'uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana a wajena. Kabad ɗin da na ware ya kusa cika: kwanukan langa, samira saiti guda, wata ƙatuwar fanteka da ba ta da murfi, tasoshin tagulla, akushi, sai ɗan tangaran. Babban ci gaban da na samu a 'yan watannin nan shi ne na raba su gida biyu, na ci da na kallo, kuma na cin sun fara hawa tabarma. Yadda na yi rabon shi ne abin da nake so in baje muku, don na lura yawancinmu furen da ke bayan kwano muke bi, alhali cikinsa ne ke faɗa maka ko zai karɓi miya.

In fara da inda ake samu. Mafi kyawun kayan da suka shigo hannuna ta wajen dillalai mata suka zo, masu shiga gida-gida da ƙulli a ka. Abin da za ku ce wa dillaliya shi ne kwanon jere kuke nema. Iyayenmu da kakanninmu sun jera waɗannan kwanuka a ɗaki ne don ado da nuna gata, dukiyar mace ce da take sayarwa in ta shiga matsi, ko ta ajiye wa 'yarta. Da yawansu ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Za ku ga bayansu ya dafe da ƙura da hayaƙin turaren wuta, amma kuna ɗaga murfi sai ku tarar da ciki fari tas. Wanda aka yi shekaru ana kai wa maigida abinci a ciki kuwa, bakinsa duk ya ɓantale, gindinsa ya yi tsatsa. Da dillaliyar unguwarmu ta kawo min samirar nan sai da ta ce, "'Yata, wannan fa tun auren fari na mai shi yake a jere." Na ce, "To Iya, a bar ni in buɗe kowanne." Ku buɗe kowanne, har ɗan autan da ke can ƙarshen saitin.

Akushi da tagulla kuma Kasuwar Kurmi na nufa, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shawara ɗaya: kada kalmar "kayan tarihi" ta fito daga bakinku kafin a yi ciniki. Tsohon kwano kuke so, shi ke nan. Ku riƙa leƙa wajen 'yan gwangwan ma, don tasoshi da yawa can suke ƙarewa, a ɗora su a sikeli a saye da nauyi.

Game da shekarun kwano, ku juya gindinsa. Masu fenti na farko-farko daga Turai aka riƙa kawo su, daga baya na Hong Kong suka cika kasuwa, sannan aka fara yin su a nan gida. Kamfanin Nigerian Enamelware da ke Ikeja a 1960 aka kafa shi. In kun ga tambarin Cekoslobakiya, to an yi kwanon kafin 1993, domin a farkon wannan shekarar ƙasar ta rabu biyu. Wasu ba su da tambari ko kaɗan, takarda ce aka manna ta ɓare tuntuni. Ni dai tsofaffin sun fi min nauyi a hannu, fentinsu kuma ya fi kauri a baki.

Yanzu ga rabon. Abin da muke kira fenti a jikin langa da samira gilashi ne da aka narka a kan ƙarfe da wuta mai zafin kusan digiri 800. Shi ya sa yake ɓantalewa in ya faɗi, shi ya sa kuma soson ƙarfe ke kashe masa ƙyalli har abada. Duk kwanon da cikinsa ya fashe har baƙin ƙarfe ya bayyana, na mayar da shi na kallo, ko na zuba dabino, goro da alewa mai leda. Ɓantalewar waje ba ta dame ni ba. Nakan goge tsatsar, in shafa ɗan man gyaɗa a gurbin. Sai maganar launi. Tsofaffin fenti masu ja, rawaya da ruwan lemo sukan ƙunshi dalma ko wani sinadari mai suna kadmiyam, kuma abu mai tsami yana jawo su zuwa cikin abinci. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai ɗauki maganar da wasa ba, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Don haka dokata ita ce: wanda cikinsa fari ne kuma lafiyayye shi ke ɗaukar miya, mai zane har ciki kuwa busasshen abu kawai, kamar ƙosai, cincin ko dambun nama a kan takarda. Kunun tsamiya, zoɓo da miyar tumatir da za ta kwana ba sa shiga ko ɗaya daga cikinsu. Kuma ba a saka su a na'urar ɗumama abinci, ƙarfe ne.

Tagulla ta fi ba ni aiki. Kafin in saya nakan kanga mata mayen ƙarfe: in ya kama, ƙarfe ne aka yi wa wanka, tagulla ta gaske ba ta kama shi. Wankinta da jiƙaƙƙiyar tsamiya da tokar murhu mai laushi nake yi, in dirje da tsumma, in ɗauraye, in tsane nan take. Akwai wani tire aikin maƙeran Bida da na samu ya yi duhu har zanensa ya ɓace. Da tsamiya ta ratsa shi sai ga ƙananan ɗigo-ɗigo da aka buga da guduma sun fito, layi bayan layi, wani wurin hannun maƙerin ya ɗan karkace. Koren da kuke gani yana taruwa a lungun tasa guba ne, sai an fitar da shi tas. Ko bayan haka ba na zuba nono ko miya a tagulla tsirara. Tire dai na ɗaukar kofunan shayi, tasa kuma ta 'ya'yan itacen da ba a ɓare ba.

Akushi ne ya fi burge mutanen gida, kuma shi ya fi sauƙin sha'ani. Tuwon dawa a cikinsa, an rufe da faifai, yana daɗewa da ɗuminsa. Ranar Juma'ar da na fara kai wa surukina tuwo a ciki, miyar kuka a langa, sai da ya shafa bakin akushin da yatsa kafin ya sa hannu, ya ce rabonsa da ci a irinsa tun yana gaban mahaifinsa. Kulawarsa ba wuya: ba a jiƙa shi a ruwa, ba a shanya shi a rana, a wanke a goge a kife a inuwa. Da hunturu ya kama nakan shafe shi da man shanu ciki da waje, don iskar nan tana tsaga itace.

Tangaran ban yi nisa da shi ba. Nakan ƙwanƙwasa shi da farce, mai lafiya ya yi ƙara siririya, mai ɓoyayyiyar tsaga ya amsa a dushe. Wanda fuskarsa ta yi zane-zanen tsaga kamar saƙar gizo yana shan mai da wari, na cire shi daga na ci.

Abin da ke gabana yanzu murfin fantekar nan ne. Na gano murafai sun fi kwanuka saurin ɓata, kuma na wannan kamfani ba lallai ya zauna a kan na wancan ba ko da girmansu ɗaya a ido. Na auna bakinta da zare, na yanke daidai, yana cikin jakata duk inda zan je. Fantekar koriya ce mai jan fure, bakinta baƙi. Wanda ya ci karo da irin murfin a wajen dillaliyarsu ya yi min magana, ina da langa biyu iri ɗaya da zan iya bayar da guda a musaya.