Godiya ga waɗanda suka sa hannu a gyaran motar mahaifinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya ba mu rai da lafiya har muka ga ƙarshen wannan aiki, ina rubuta wannan saƙo a madadin mahaifiyarmu da ƙannena domin mu gode wa mutanen da suka taimaka mana motar marigayi mahaifinmu ta sake hawa titi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce mun yi 'yar walima a ƙofar gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa a nan Katsina, amma hidimar baƙi ba ta bar ni na yi wa kowa godiya yadda ta kamata ba, wasu ma daga cikin waɗanda suka fi shan wahalar aikin a tsaye suka ci abinci suka koma wuraren sana'arsu kafin in waiwayo. Ba zan kama sunan kowa ba saboda yawancinsu ba sa so, amma kowa zai gane kansa.

Motar dai Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da fijo. Mahaifinmu ya saye ta sabuwa fil a farkon shekarun 1980 da rancen mota na ma'aikata, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, tun kafin a ba mu tamu jihar a 1987. A masana'antar Kakuri ta Kaduna aka harhaɗa ta, wadda aka buɗe a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Matasan da suka zo kallo suna tambaya me ya sa muka nace a kan tsohuwar mota, to ya kamata su san cewa wannan ƙirar ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975 a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Turawa sun bar ƙera ta tun a shekarun 1980, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, domin ita ce motar ofisoshin gwamnati, ita ce motar tasha, ita ce kuma ta kai amare da marasa lafiya da buhunan gero garuruwan da ko kwalta ba ta kai ba. Wannan daɗewar da ta yi a hannunmu ita ta sa har yau ake samun kayanta da masu ilimin gyaranta, idan mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Bayan rasuwarsa motar ta daɗe a ajiye ƙarƙashin bishiyar bedi da ke tsakar gida. Tayoyin suka sace, ɓeraye suka ci wayoyin, ganye ya toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba har ruwan damina ya riƙa kwanciya a ciki. 'Yan gwangwan sun zo taya ta a kan nauyin ƙarfe ba sau ɗaya ba. Hajiya ce ta hana, kuma ita ce ta kafa sharaɗin da ya zama tushen komai, wato idan za a gyara ta, to a gyara ta a cikin gida inda idonta zai riƙa gani, domin ta ga motoci da yawa sun shiga gareji sun tsufa a can. Saboda haka godiyar farko tata ce. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Sai dattijon da ya gyara jikin motar, wanda duk muke kira Baba. Ya riga ya bar sana'ar a hannun yaransa, amma da kawunmu ya je ya gaya masa ko motar wa ce, sai ya ɗauko jakar gudumominsa ya biyo shi. Abin da ya fara yi shi ne zagaya motar da ɗan ƙaramin maganaɗisu naɗe a cikin ƙyalle, yana ɗora shi a jikin ƙofa da madigadi. Inda ya kama da ƙarfi sai ya wuce, inda ya saki ya faɗo sai ya zana da alli, domin nan ne aka taɓa cusa fila mai kauri, wato ƙullin da ake shafawa a daidaita jikin mota, a kan lotsawa ko a kan rami. Daga nan ya sa aka fitar da kujeru da shimfiɗa, ya bi daɓen motar da bakin sukudireba yana dannawa, kuma a ƙarƙashin ƙafar direba da mazaunin batir da gefen tayoyin baya ƙarfen ya riƙa hujewa ba tare da wani ƙarfi ba. Ya gaya mini cewa tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi har sai an kai ga ƙarfe mai lafiya, in ba haka ba tana ci gaba da ci a ƙarƙashin fenti, bayan damina ɗaya ta kumburo.

Yadda ya yi facin ne na fi so mutane su sani. Yakan ɗora kwali a kan ramin ya yanko siffarsa, ya kai ta kan sabon farantin ƙarfe ya fitar, ya lanƙwasa a kan guntun itace har ya zauna daram. Wajen walda kuma ba ya jan wuta a miƙe. Yakan ɗiga a nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dakata ƙarfen ya huce sannan ya dawo, saboda ƙarfen jikin mota siriri ne, zafi in ya taru wuri ɗaya sai ya murɗe, kuma abin da wuta ta murɗa da wuya guduma ta mayar da shi daidai. Aikin ya ɗauki lokaci har wasu suka fara cewa tsufa ne ya sa yake jan jiki. Ni da na zauna kusa da shi ina miƙa masa kaya na san ba haka ba ne. Da ya gama, filar da aka shafa a duk jikin motar ba ta wuce ta share tabon guduma ba. Baba, ba mu da abin da za mu biya ka da shi, Allah ya saka da alheri, ya sa yaran da ka koya wa su riƙe abin da ka ba su.

Akwai wani dare da ba za mu manta ba. A ƙarshen bazara, mota tana tsirara an kankare tsohon fenti har ƙarfe, sai ga hadarin farko da iska mai ƙarfi bayan sallar isha'i. Iskar ta tsinke igiyoyin tamfol ɗin da muka yi rumfa da shi, kuma duk wanda ya san aikin ya san cewa ƙarfen da aka kankare ko raɓa ya sha yakan wayi gari da jan tsatsa. Samarin layinmu da ke zaune a dakali suka shigo ba tare da an kira su ba, wasu suka danne gefen tamfol da jikinsu, wasu suka kawo ledoji da tabarmin roba daga gidajensu, aka tura motar har bakin zaure. Bayan ruwa ya ɗauke suka tsaya da tsummoki ana gogewa, da safe kuma wasunsu suka dawo aka bi ta da samfefa aka fesa shafin farko mai hana tsatsa. Sun jiƙe sharkaf, kuma ko shayi sun ƙi tsayawa su sha. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sana'a mai amfani.

Bakaniken da ya tayar da injin aminin ƙanena ne, kuma bayan ya tashi daga garejinsa yake zuwa. Injin mai silinda 4 ne, kusan lita 2, irin wanda ake iya zare bututun da fistin yake hawa da sauka a ciki a sa sabo, shi ya sa bai buƙaci a kai shi ko'ina ba. Ya wanke kafireta, ya kai lagireto aka fasa aka share, ya canja duk robobin birki saboda man birki ya daɗe ya ja ruwa. Mai wayarin da ya zo da shi ya sake jan wayoyin da ɓeraye suka ci, yana bin launin kowace waya yadda take tun asali. Kayan da ba a samu a Katsina ba, wani ɗan uwa ya nemo su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wani abokin aiki ya leƙa Fanteka a Kaduna ya samo fitilar gaba guda, robar gilashin baya kuma wani direban hanyar Jibiya ne ya kawo ta daga Maraɗi, ya ƙi karɓar ko kuɗin dako. Mai ɗinkin kujeru shi ma ya yi aiki mai tsabta. Mun gode muku duka.

Mai fenti kuwa, shi ne ya fi kowa gwada haƙurinmu, kuma gaskiyarsa ce. Ya ƙi fesa launi da damina, ya ce danshin iska yana sa fenti ya yi hazo ya rasa sheƙi, ya kuma ce idan aka bari hunturu ya shigo ƙura za ta zauna a kai kafin ya bushe. Don haka muka jira kaka, 'yan makonnin nan da ruwa ya ɗauke amma iskar hunturu ba ta taso ba. Lokacin jiran bai tafi a banza ba, domin a cikinsa ya koya mana gugar samfefa, daga mai kaushi lamba 80 zuwa 180, zuwa 320 da 400, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Yakan yayyafa baƙin fenti kaɗan a kan shafin farko ya ce a goga da katako madaidaici, duk inda baƙin ya rage to akwai kwari a wurin, sai an cike an sake gogawa. Launin kansa daga cikin murfin but ya samo shi, inda rana ba ta taɓa dukan fentin kamfani ba, ya cire murfin ya kai wa mai haɗa fenti har aka dace da ruwan madarar da motar ta fito da shi.

Kafin ranar feshi ya sa muka killace rumfar da leda ta ko'ina, 'yan ga-ruwa suka jiƙa ƙasa sosai don kada ƙura ta tashi, aka goge jikin motar da abin cire maiƙo, domin ko zufar hannu ta taɓa wuri fenti yakan gudu ya bar ƙananan ramuka. Da sassafe yake farawa, bayan gari ya waye kafin rana ta yi zafi, saboda zafi yana busar da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, tun fenti bai kwanta ba, sai jiki ya fito ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Yana riƙe bindigar feshi tazarar kamar taƙi ɗaya daga ƙarfe, yana tafiya da ita a miƙe, kowane layi yana hawa rabin na baya, ya dakata tsakanin shafi da shafi. Bayan ya bushe sosai aka bi shi da samfefar ruwa lamba 1500 da 2000, aka goge da man sheƙi. Malam, hannunka ya nuna, Allah ya ƙara basira.

A nan ne kuma nauyin maƙwabta ya fi yawa a kanmu. Fentin da aka yi amfani da shi irin mai haɗi biyu ne, wanda ake zuba wa sinadarin da ke sa shi ya sandare, kuma tururinsa yana cutar da huhu ƙwarai, shi ya sa mai fenti bai yarda kowa ya shiga rumfar ba sai da abin rufe hanci mai matata, ba ƙyalle ba. Duk mai niyyar yin irin wannan aiki a gida, ina roƙonsa kada ya ɗauki wannan da wasa. Mai unguwa da kansa ya zagaya da ni gida-gida muka sanar da ranakun, aka kwashe yara da tsofaffi masu ciwon ƙirji zuwa gidajen 'yan uwa, Hajiya ma ta koma gidan ƙanwarta a Rafindadi. Tun da tina tana kama wuta nan take, ba a hura murhu a gidanmu ba a waɗannan ranaku, sai matan maƙwabta suka riƙa aiko mana da koko da ƙosai da safe, da tuwo da dare, har da na ma'aikata. Alhajin da ke jikin katangarmu ya ba mu aron janaretansa saboda kwamfuresa ba ta jure ɗaukewar wuta a tsakiyar shafi. Kafin wannan ma sun yi watanni suna jin ƙarar guduma da injin guga, ba wanda ya taɓa ɗaga mana murya. Idan akwai wanda abin ya takura ya yi shiru don kara, muna neman afuwarsa.

Maiɗakina ta yi shekara tana shanya a bayan ɗaki saboda mota ta cinye tsakar gida, tana share ƙurar fila daga kan kwanuka, kuma ita ce take riƙe da littafin da ake rubuta kowane abin da aka saya. Allah ya saka mata da mafificin alheri. Kawu, wanda ya yi mana jagora tun daga farko kuma ya biya kuɗin tayoyi ba tare da ya faɗa wa kowa ba, mun samu labari, mun gode.

Washegarin walima muka ɗauki Hajiya zuwa Daura ta hanyar Mashi domin ta gaida 'yan uwanta, kamar yadda mahaifinmu ya saba kai ta duk bayan sallah. Motar ta je ta dawo lafiya, allurar zafi ba ta ɗaga ba, birki bai ja gefe ba. A Daura wani dattijo ya tsayar da mu kusa da rijiyar Kusugu, ya leƙa cikin motar ya gane ta, ya tambayi mai ita, muka gaya masa, ya tsaya a wurin ya yi masa addu'a. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan saƙo shi ma ya sa shi cikin addu'a, Allah ya jiƙansa da rahama, ya kai haske kabarinsa.

Masu sana'ar da ba su samu tsayawa ranar walima ba, motar za ta kasance a ƙofar gida ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, muna so ku zo da yaranku masu koyo su ga aikin hannunku a gama. Ragowar samfefa da fila da ledar rumfa suna nan, kuma mun ji akwai wasu gidaje biyu a unguwar da ke da irin wannan mota a ajiye, duk wanda ya yi niyyar farawa ya aiko a ɗauka.

Wassalamu alaikum.