Biyar Muke

Aikin da na yi na wata 14 a Amurka ba shi da wani dogon suna. Ni ne wanda ke tsaye a bakin ƙofar gidan abinci, gabana ɗan kanta da kwamfuta, in tambayi mutum sunansa, in duba ko ya kama tebur tun kafin ya zo, in sa a raka shi ciki. Gidan abincin yana cikin otal ɗin wani babban wurin shaƙatawa ne, irin waɗanda ake sayen tikiti a wuni ana hawa lilo da jiragen wasa, da dare kuma a yi wasan wuta. Sunan wurin zan bar shi a cikina. Abin da ya kamata a sani shi ne tagoginmu na kallon tafki, daga nan ake ganin wasan wutar tar, saboda haka teburin ƙarfe 7:30 zuwa 8:00 na dare, a idon baƙi, ya fi zinariya daraja.

Wanda bai taɓa zuwa irin wannan wuri ba zai yi mamakin ganin magidanci da furfurarsa yana jan ido a kan kujera. Amma a duba yadda ake samun kujerar. A Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida, ana buɗe kamun tebur kwana 60 kafin ranar, kafin 2020 ma kwana 180 ne, wato tun saura wata shida mutum zai yanke inda zai ci abincin daren wata Talata. Mutane kan tashi da asuba riƙe da waya suna jiran a buɗe, domin wuraren da ake rububi ba sa daɗewa suke cika. Ana kuma karɓar lambar katin banki, wanda ya kama bai zo ba, bai kuma soke a kan lokaci ba, a cire masa dala 10 a kan kowane mutum. Ba a Disney na yi aiki ba, sai dai masu wannan sana'a kusan hanya ɗaya suke bi. To mutumin da ya hana idonsa barci wata biyu da suka wuce, ya biya kuɗin jirgi da na otal, ya wuni a rana yana bin layi da yara, in ka ce masa ba ka ga sunansa ba, ba tebur kaɗai ka taɓa ba.

Kafin in yi wata uku na san kalar ƙaryar da ake yi a bakin kanta. Akwai masu kama teburin mutum huɗu saboda shi ya rage, su zo su bakwai, su ce ai yara ba sa ƙirguwa. Suna ƙirguwa, ko jariri sai an yi masa wuri, ga kuma iyakar yawan mutanen da dokar kiyaye gobara ta yarda ɗaki ya ɗauka. Akwai masu kama wuri uku a dare ɗaya don su zaɓa daga baya. Akwai masu dabarar ɗage ranar zuwa mako mai zuwa idan sun ga za a ci su tara, sannan su soke salin-alin. Akwai waɗanda kullum ranar haihuwarsu ce saboda ɗan kek na kyauta. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta shekarun yara. A Disney farashin yara daga shekara 3 ne zuwa 9, ɗan shekara 10 babba ne a lissafi, mu ma haka muke yi. Sai uba ya murtuke fuska ya ce "tara yake", yaron ya ɗago da iya gaskiyarsa ya ce, "Baba, ai na cika sha ɗaya tun watan Maris." Ban taɓa iya riƙe dariyata a wannan ba.

Illar sanin waɗannan dabaru ita ce na fara ɗaukar kaina ɗan sanda. Duk wanda sunansa bai fito a kwamfuta ba, kafin ya rufe baki na riga na yanke masa hukunci a zuci. Har wani irin murmushi na koya, wanda ma'anarsa kifi na ganinka mai jar koma.

Alhali in zan faɗi gaskiya, waɗanda sunansu bai fito ba, mafi yawansu ba maƙaryata ba ne, ruɗewa suka yi. Kuma hanyoyin ruɗewar sun fi na ƙaryar yawa. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, Turawan Ingila da Faransa kuwa rana suke farawa da ita, don haka takardar da ta ce 04/05 wani zai karanta 5 ga Afrilu, wani 4 ga Mayu. Wani ya danna 8 na safe yana nufin 8 na dare. Matar ce ta kama da sunan gidansu, mijin ya zo yana faɗin nasa. Gidajen abinci biyu masu suna kusan ɗaya, ɗaya a otal, ɗaya a cikin filin wasan da sai da tikiti ake shiga. A sana'armu sanannen abu ne mutum ya rikita Disneyland da ke Anaheim a jihar Kaliforniya, wadda aka buɗe a 1955, da Walt Disney World ta Florida da aka buɗe a 1971, ga su sunan gida ɗaya, tsakaninsu kuwa fiye da kilomita 3,000 da bambancin awa uku. Sama da duka, mai hutu yakan manta ranar da yake ciki. Bayan kwana huɗu yana kwana a makare yana tashi da sassafe, Laraba da Alhamis duk ɗaya ne a wurinsa. Na san duk wannan, amma sanin bai sauko daga kaina zuwa fuskata ba.

Daren da ya gyara min zama, wata Laraba ce. An yi ruwa da tsawa da la'asar, an rufe jiragen wasan da ke waje, jama'a suka kwararo otal tun kafin lokacinsu. Wajen 7:20 wani mutum ya zo da matarsa da yara uku, ya faɗi sunan iyalinsu, irin sunan nan da a kowane dare sai ka ga biyu ko uku. Na duba, ga shi nan, 7:40, kusa da taga.

"Yallaɓai, mutum shida ko?"

"Biyar muke."

Ba abin mamaki ba ne a rage mutum ɗaya, wani ya gaji ya kwanta. Ƙa'ida ita ce in tambayi cikakken suna da lambar tabbaci, wato lambar da ake ba mutum idan ya kama tebur. Ga layi har bakin matakala, ga waya na ƙara. Na danna, na sa aka raka su.

Bayan kamar minti 20 sai ga wata mata tana tura tsohuwa a keken marasa lafiya, bayanta mijinta da yara, su shida cif. Ta faɗi sunan nan dai. Kwamfuta ta nuna ai sun riga sun zauna. Abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe min, shi ne ta ji sunan ne lokacin da mutumin farko ya faɗa. Na yi mata murmushin nan nawa, na ce ko zan ga lambar tabbaci. Ta miƙo waya. Na karanta lambar, na dubi kwamfuta, na sake karantawa. Gabana ya faɗi.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Madam, ki yi haƙuri, kamar na'urar ce ta samu matsala."

Manajarmu tana gefe tana jin mu. Ba ta ce komai a gaban baƙuwar ba, ta dai ce a ba su wurin zama na minti biyu, ta ja ni gefe. Ta buɗe tarihin kamun teburin, inda ake ganin duk wanda ya taɓa shi, da lambar ma'aikaci da minti. Ga lambata nan ɓaro-ɓaro, 7:22. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta gangara ƙasa ta nuna min abin da ban buɗe ba: an rubuta cewa tsohuwar na cika shekara 80, sannan ɗaya daga cikin yaran jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan.

Ta ce, "Ka san abin da nake yi idan aka ce na'ura ce? Sabon suna nake shigarwa kamar waɗanda suka zo ba tare da kamu ba. Sabon suna ba shi da wannan rubutun. Kicin sun tura gargaɗin gyaɗa teburin da babu mai buƙatarsa, yaron da ke buƙata kuma zai zauna ba wanda ya sani."

Jikina ya yi sanyi. Wataƙila uwar za ta sake faɗa wa mai kai abinci, iyayen irin waɗannan yara ba sa sakaci. Wataƙila kuma za ta ɗauka ai ta riga ta rubuta. Ni dai a lokacin da na ɗora wa kwamfuta laifi, ba yaron nake tunani ba, fuskata nake karewa.

Na koma wurin matar. Na ce ba na'ura ba ce, ni ne, na ba wasu masu irin sunanku teburinku ban duba lamba ba. Kada mai karatu ya zaci ta ji daɗi ta ce babu komai. Ta yi min wani kallo da har yau ina tunawa, ta ce, "To me ya sa ka ce na'ura ce?" Ba ni da amsa. Sai ta ce, "Yanzu yaya za a yi?" Wannan tambayar kuwa tana da amsa, tunda an san ainihin abin da ya faru. Manaja ta mayar da kamunsu yadda yake da rubutunsa, ta ba su teburin da ake ajiyewa saboda irin wannan rana, kuku ya fito da kansa ya yi magana da uwar yaron. Teburin ba ya kusa da taga. Wannan kam ba a iya gyara shi ba, kuma saboda tagar ta tashi da asuba wata biyu da suka wuce.

Saura mutumin farko. Dole in je wurinsa don a raba lissafi, kada a haɗa cinikinsa da katin bankin wasu. Ya ciro waya, ya duba, ya sosa ƙeya. Nasa kamun na nan, a gidan abincinmu, ƙarfe 7:40, mutum biyar, ranar Alhamis. Har ga Allah ya ɗauka yau ce Alhamis. Na ji sanyi a raina, na ce ai kuskure ne. Sai ya rage murya ya ce, "Ba duka ba. Da mai kai abinci ya zo yana tambayar wace ce mai cika shekara 80, na gane ba namu ba ne. Amma yara sun fara cin burodi, ga taga, sai na yi shiru."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ya shigo da kuskure, ya zauna da ƙarya, kuma tsakanin biyun bai fi minti biyar ba. Ni ma hakan na yi, nawa ma bai kai minti ɗaya ba. Ashe ba a raba mutane gida biyu, masu gaskiya a nan, maƙaryata a can, yadda nake yi daga bayan kanta. Yawanci ruɗewa ce ke fara zuwa, ba da niyyar kowa ba, sannan a samu ɗan lokaci kaɗan da mutum ya gane, ba wanda ya san ya gane sai shi. Abin da ya yi a wannan ɗan lokacin shi ne magana.

Daga nan na fara jin kunnena a kan maganganunmu mu ma'aikata. Laifi tudu ne. Nakan ce wa mutum "minti 10 zuwa 15" ina sane da cewa sai ya yi 40, don kawai ya matsa daga gabana. Nakan ce "ana gyara teburinku" alhali masu shi ba su ko karɓi lissafi ba. Kuma ban taɓa bayyana wa kowa abin da kamun tebur yake nufi ba: ba wai an ajiye maka tebur babu kowa yana jiranka ba ne, an sa ka ne a gaban layi, tebur na farko da ya dace da yawanku ya zama naku. In waɗanda suka riga ku sun miƙe ƙafa suna jiran wasan wuta, dole ku jira. Haka teburan da baƙo ke hangowa babu kowa, sau da yawa ba mai kai abincin da zai kula da su, ko kuma ana jinkirta zaunar da mutane ne don kada oda ta yi wa kicin yawa lokaci guda. Mutumin da aka ce masa minti 10 ya yi 40 yana kallon tebur fayau, me zai hana gobe ya ƙara mana da tasa dabarar? Ba ina wanke masu ƙarya ba ne. Amma wani ɓangaren darasin a wurinmu suka ɗauka.

Na daina rage lokaci. In 40 ne, 40 nake cewa, in ƙara da dalili. Wasu kan juya su tafi, kuma ba zan ɓoye ba, akwai daren da hakan ya sa aka yi min tsawa fiye da da. Amma wanda ya tsaya yakan je ya zaga ya dawo, ba ya tsaya a kaina yana huci. Idan kuma sunan mutum bai fito ba, na daina murmushin nan. Ina duba jiya, in duba gobe, in duba safe, in tambayi wanda ya yi kamun, in kira ɗayan gidan abincin. Mai ƙaryar gaske yakan janye da kansa tun ina cikin dubawar, ba sai na kama shi ba.

Ranar Alhamis, 7:35, ina ɗago kai sai ga mutumin da iyalinsa. Tun kafin in buɗe baki ya miƙo wayarsa, lambar na haske a fuskarta.

"Biyar muke," ya ce.

Na ce, "Na sani, yallaɓai." Na karɓi wayar, na karanta lambar tun daga farko har ƙarshe.