Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bencin da hunturu ya tsaga

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na fito da teburin mahaifina daga ɗakin shirgi, na tarar gara ta cinye masa ƙafa guda. Teburin nan tare muka zo Gombe a 1996, lokacin da aka yanke jihar daga Bauchi, aka raba ma'aikata kowa ya nufi jiharsa ta asali. A bayan motar kaya aka ɗaure shi, ni kuwa ina gaba ina ta waiwaye har muka wuce Alkaleri.

A tsakar gida na fara gyaran, a durƙushe. Autana ya take katako da ƙafa, ni ina jan zarto, yankan yana karkacewa, gwiwa da ƙugu suna kuka. Ran na uku uwargida ta ce, "Malam, in dai aikin nan za ka riƙe, ka nema masa mazauni." Daga nan maganar bencin aiki ta taso.

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta Tudun Wada, sahu ɗaya muke sallah, kowa Baba kafinta yake ce masa. Ido ya yi rauni ya bar sana'a, amma hannun bai manta ba. Shi ya raka ni wajen 'yan katako, ƙarshen watan Oktoba, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. A nan na fara sanin yarensu: tu-bai-tiri, tu-bai-fo, fo-bai-fo, duk awon inci ne na kauri da faɗi, tsawon kuwa yawanci ƙafa 12. Na tambayi madobiya, don ita na sani tun ina yaro, sai Baba ya girgiza kai. A shekarun baya manyan motoci sun yi ta kwasarta daga dazukan Taraba ana kaiwa ƙasar Sin, yanzu samun mai kauri sai an sha wuya. Abin yana yi mini ciwo har yau, itacen da kakanninmu suka bar mana mu muka sayar da shi gungume-gungume.

Muka zaɓi fo-bai-fo don ƙafafu, da falanki ɗaya mai kaurin inci 2 da faɗin inci 12, wanda in an raba shi biyu aka haɗa zai ba da saman benci mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2. Baba ya ɗaga bakin falankin ya ji nauyinsa, ya ɗora tafin hannu a kai ya yi shiru.

"Malam, wannan da ruwa a cikinsa. Ka ji sanyinsa? Ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ka bar shi ya sha hunturu tukuna."

Na ce, "To, Baba." Amma ban jira ba.

Ina so mai karatu ya fahimci dalili. Shekara 35 ina fita aiki kowace safiya. Da na yi ritaya, sai na dawo daga sallar asuba na zauna, ƙarfe bakwai ta yi, yara su watse makaranta, maƙwabta su tada babura, ni ba inda ake jirana. Ban taɓa gaya wa kowa nauyin wannan shirun ba, ko uwargida. Katakon nan da ke jingine a zaure shi ne abu na farko da ya sa na riƙa ɗokin wayewar gari. A ce in zuba masa ido wata uku, zuciyata ba ta iya ba.

Cikin mako biyu na gama. Tsayin na auna shi yadda Baba ya koya mini: ka miƙe tsaye ka saki hannu, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne saman benci, don in kana tura filen, wato abin goge katako, nauyin jikinka ya taimake ka. Nawa ya kama inci 34. Ƙafafun ban yarda da ƙusa kaɗai ba, na huda rami da cizal, na feƙe bakin katakon da zai shiga ramin, na shafa gam na buga. Gudumar da na yi bugun da ita daga karyayyar taɓaryar uwargida na yanko ta, ta kirya ce, har yau ko tsagewa ba ta yi ba. Saman ne na yi wa ganganci. Na haɗa falankan biyu da gam, na bi su da ƙusa inci 4, layi-layi, ina ganin yawan ƙusa shi ne ƙarfi.

Wani dare a watan Janairu, sanyi ya kankama, na ji ƙara daga zaure kamar an tsula bulala. Da safe na tarar falanki ɗaya ya tsage tun daga bakin wata ƙusa har kusan tsakiya, mahaɗar kuma ta buɗe har fensir yana faɗawa. Na daɗe a tsaye a wurin.

Da Baba ya zo bai ce "ai na gaya maka" ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya bi tsagar da yatsa ya ce, "Katako ko an sare shi bai daina numfashi ba. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya saki ya tsuke. Kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Kai ka ɗaure shi ta ko'ina, ya nemi hanya ya rasa, sai ya yi wa kansa." Muka sa tef, falankin da na saya inci 12 ya ragu da fiye da kwatan inci.

Gyaran ya fi ginin koya mini aiki. Muka zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na yanke inda ya tsage, na goge gefunan da filen har in an haɗa su aka ɗaga wa rana haske ba ya ratsawa. Ba ni da abin matsewa na ƙarfe, sai Baba ya aiki autana wajen mai faci ya karɓo tsohon tiyub, muka yanka shi siri-siri, muka naɗe falankan da shi bayan mun sa gam. Ya kwana biyu a haka. Wannan karon ta ƙasa muka kama saman da sukuru, kuma kowane rami muka tsawaita shi kaɗan ta faɗi, don in damina ta zo katakon ya sami wurin motsi. Gindin ƙafafun na shafe su da baƙin mai saboda gara, na ɗora kowace a kan bulo, na kuma yi kanta a ƙasa na aza buhun yashi don kada bencin ya riƙa rawa.

Ranar da na ɗora teburin mahaifina a kai, fasasshen gilashi na ɗauka na fara kankare fentin, ina bin jijiyar itacen. Koren fenti ya fita, na ƙarƙashinsa mai ruwan ƙasa ya biyo baya, sai ga jan maɗaci ya bayyana. A kusurwar dama akwai wani baƙin zagaye da ya ƙi fita. Na kankara sau biyu kafin na gane: nan ne yake ajiye kurtun tawadarsa in zai rubuta mana allo. Na ajiye gilashin, na kira uwargida ta zo ta gani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda muka yi da ƙafar da gara ta ci, da abin da yayata ta ce da ta ga zagayen nan.