Shigar da tataccen sinadari Ostareliya: inda kaya ke maƙalewa

Kwantena ta farko da na bi takardunta zuwa tashar jiragen ruwa ta Botani a Sidni tan 20 ce ta sitirik asid, buhu 800 masu kilo 25-25. Farin gari ne kamar sukari, tacewarsa ta haura kashi 99 cikin 100. A zatona abu mai tsabta haka babu ruwan jami'an kare lafiyar dabbobi da tsirrai da shi. Ashe da ruwansu, domin ba daga lemun tsami ake matso shi ba. Wata fumfuna ce mai suna Aspergillus niger ake ciyarwa da sukarin masara ko na rake, ita kuma ta fitar da shi. Duk abin da asalinsa halitta mai rai ce yana ƙarƙashin dokar tsaron halittu ta 2015, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2016 a madadin tsohuwar dokar killacewa ta 1908.

Kafin in biya ko sisin kwabo, BICON nake buɗewa, wato rumbun sharuɗɗan shigo da kaya na ma'aikatar noma ta tarayya. Akwai babi na musamman a kan tatattun sinadarai, kuma tambayoyinsa ba su da yawa: sunan sinadarin yana cikin jerin da aka amince da shi? An sarrafa shi sosai, an kuma tace shi? Me za a yi da shi? In amsoshin sun dace, kaya na shiga ba tare da takardar izini ba.

Tambaya ta uku ita ce ke kayar da mutane. Sassaucin bai shafi kayan da za a ba dabbobi su ci ba, ko a yi taki da su, ko shuka, ko maganin dabbobi, ko tsabtace gurɓataccen ruwa da ƙasa. Ɗauki laisin, wani sinadarin gina jiki da ƙwayar bakteriya ke samarwa. Wanda za a cusa a ƙwayar ƙarin kuzari ta mutane da wanda za a zuba a abincin kaji, a ido ba ka bambance su. A takarda kuwa hanyarsu daban. Dalili shi ne abin da ya shiga bakin saniya ko alade ya samu hanya kai tsaye zuwa garke, kuma ƙasar da rabonta da cutar ƙafa da baki tun 1872 ba ta wasa da wannan ƙofa.

Na taɓa samun laisin da aka saya don mutane, amma ma'aikacin masana'antar a Sin ya kwafo tsohon rasit mai ɗauke da bayanin cewa na abincin dabbobi ne. Layi ɗaya tak. Kaya suka tsaya, kuɗin ajiya na hawa kullum, sai da masana'antar ta aiko da gyararren rasit da wasiƙar bayani. Da a ce da gaske na dabbobi ne, da magana ta ƙare: izini kafin isowar kaya ake samunsa, ba bayan sun sauka ba, wanda ya zo babu shi kuwa sai dai a mayar ko a lalata, kuma mai kaya ne zai biya. Shi ya sa in har akwai alamar za a buƙaci izini, nakan ware aƙalla kwanakin aiki 20 kafin a yi lodi, fiye da haka ma in akwai abin dabba a ciki.

Takardar da na fi ɓata lokaci a kanta ita ce shaidar masana'anta. Dole ta fito daga wanda ya sarrafa kayan, ba dillalin da ya sayar ba, a kan takarda mai tambarin kamfani, da sunan wanda ya sa hannu da muƙaminsa da kwanan wata. Wadda ta wuce wata 6 ba na karɓa. Nakan jera ta da rasit da takardar gwajin inganci da takardar lodin jirgi a kan tebur, in bi lambar rukunin kaya da yatsa. Harafi ɗaya ya saɓa, jami'i ba shi da hujjar cewa shaidar ta wannan kaya ce. Lambar CAS, wato lambar shaida da ake ba kowane sinadari a duniya, ma haka: sitirik asid busasshe 77-92-9 ne, mai ɗauke da ruwa kuwa 5949-29-1, kuma masu sayarwa na yawan musanya su.

Sai tambayar da masana'antu ba sa son amsawa: me aka ciyar da ƙwayar halittar da shi? Wani lokaci masara ce zalla, wani lokaci akwai abin da aka samo daga nama ko madara. Sistin, wanda masu burodi ke sa wa a kwaɓi, ana iya samunsa ta hanyar bakteriya, ana kuma iya tatso shi daga gashin agwagwa. Zantan gam, mai sa miya da man shafawa kauri, bakteriyar da ke yin sa, Xanthomonas campestris, ita ce mai ruɓar da kabeji a gona. Masana'anta za ta ce sirrin sana'a ne. Ni dai ba lissafin haɗinsu nake nema ba, jimla ɗaya nake so a rubuce: akwai abin dabba ko babu, in akwai, wace dabba, daga wace ƙasa. Haka kuma da zarar an gauraya sinadarin da sitaci ko jelatin don ya daina dunƙulewa, ya tashi daga abu guda tatacce, kowane mahaɗi sai an duba shi da kansa.

A kula, wucewa a nan ba ta wanke ka a sauran ofisoshi ba. Sinadarin masana'antu na buƙatar rajista da AICIS, hukumar kula da sinadaran masana'antu, wadda ta gaji tsohuwar hukuma NICNAS a ranar 1 ga Yulin 2020, na magani kuma TGA, hukumar kula da magunguna, ce ke da ta cewa.

Abin haushi, sau da yawa garin ba shi da laifi, abin da aka ɗora shi a kai ne. Falankin katako dole ya ɗauki hatimin ISPM 15, wato shaidar cewa an kashe ƙwarin cikin katakon, babu ɓawo, babu ramin ƙwaro, kuma takardar shiryawa ta faɗi gaskiya game da katako da tsabtar kwantena. Daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Afrilu kuma lokacin sa ido ne a kan wani ƙwaro mai wari da ke ɓuya cikin kaya lokacin sanyin Turai da Amurka, kuma kayan babi na 29 na kwastan, inda sitirik asid yake, ana iya tsayar da su a bincika ba zato. Yanzu a cikin odar sayayya nake rubuta falankin roba, in kuma nemi hoton cikin kwantena tana fanko, ƙasa da kusurwoyi huɗu, kafin a jefa buhun farko.