Ba yabo ba fallasa: yini guda da faifan gem 3

Asabar.

Da safe na jawo kwalin da nake zuba faifan gem ɗin da na fara ban ƙarasa ba. Guda 9 na ƙirga. Babu wanda na tsana a cikinsu, babu kuma wanda ya taɓa hana ni barci. Irin waɗanda in aka tambaye ka yaya suke, sai ka ɗan yi shiru ka ce kadaran-kadahan. Na ƙudura yau sai na raba gardama, wanda zan ƙarasa in ajiye shi, wanda ba zan ƙarasa ba in bayar. Na ware 3 da suka fi tsaya mini a rai: Mad Max, The Order: 1886 da Vampyr, dukkansu na PlayStation 4.

Mad Max na fara sakawa, wajen ƙarfe 9. Rabona da shi ya kusa shekara, amma ko minti 5 ba a yi ba yatsuna suka tuno hanya. Ina cikin tuƙi a busasshen ƙasan tekun nan na hango ƙura ta turnuƙe can nesa, na san ayarin motoci ne ke zagaye. Na taka mota na bi su. Wanda bai taɓa buga wannan wurin ba, ba zai gane dalilin da ya sa nake kare wasan ba. Chumbucket, bakaniken nan mai ƙusumbi, yana tsaye a bayan motar riƙe da mashi mai igiya. Ka saita, lokaci ya ɗan lafa, ka harba mashin ya kama ƙofar motar abokin gaba, ka fizge ta. Ka sake harbawa, wannan karon direban ka zaro daga kujerarsa. Wata motar taya kake cire mata, wata kuma ka daki haƙarƙarinta har ta kama da wuta. Mayaƙan ayarin suna tsalle suna faɗowa kan rufin motarka, kana ta karkata sitiyari don ka zubar da su. Ƙarar injin tana shiga har ƙirji. Na kai motar jagoran ayarin ƙasa bayan kusan minti 10, tafin hannuna duk ya jiƙe da gumi.

Ban gama murna ba guguwa ta taso. Sama ta yi ja, tsawa na sauka a kan rairayi, tarkacen ƙarfe na yawo a iska suna dukan motar. Na tsaya a gefen wani dutse ina kallo kawai. Kamfanin Avalanche na ƙasar Suwidin da ya yi wasan a 2015 ya san hamada, ya san mota. A waɗannan biyun ban ga wanda zai ɗaga masa yatsa ba.

Sai na buɗe taswira, nan take na tuna abin da ya sa na ajiye shi bara. Alamomi ne birjik kamar an watsa tsakuwa. Nan gwangwan za ka tsinta, can wani gunkin ƙarfe za ka ja da igiya ya faɗi, gaba kaɗan maharbi ne a kan hasumiya, sannan balan-balan ɗin da za ka hau don ya buɗe maka wasu alamomin. Kuma ba ka da damar ka ce ba ruwanka, domin wasu kayan gyaran motar ba sa buɗewa sai ka rage barazanar yankin, ita kuma ba ta raguwa sai da waɗannan ayyukan. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne kwance nakiyoyi. Dole ka bar motarka da ka sha wahalar ginawa, ka hau wata 'yar ƙaramar mota da kare a ciki, kana tafiya a hankali kana jiran ya yi haushi. Awa guda cur na yi a kan filaye 2. Wasan da duk daɗinsa gudu ne, shi ne ya ɗaure ka yana sa ka rarrafe.

Faɗan ƙasa kuwa aro ne daga wasannin Batman na Arkham: naushi, naushi, alama ta fito a kan maƙiyi, ka danna ka kare. Yana da nauyi, naushin Max yana da sauti mai gamsarwa, amma sansani na 15 bai bambanta da na 3 ba. Manyan 'yan daban da ke jiranka a ƙarshen wasu sansanonin ma kusan mutum ɗaya ne aka sauya wa launi. Ya taho da gudu, ka kauce, ka dake shi ta baya.

Ina cikin wannan ƙanina ya shigo, wajen ƙarfe 12. Ya leƙa allo ya ce, "Yaya, har yanzu kana kan wannan? Ai ko maki 70 cikin 100 bai cika samu ba a wurin masu sharhi." Na ce masa ya zauna. Na ba shi hannun gem ɗin, na kai shi bakin wani ayarin. Bai ce uffan ba sai da ya tarwatsa su duka, sannan ya waiwayo yana dariya ya ce a nemo masa wani.

Na ce masa to ka gani. Wannan makin da kake faɗa, haɗa abubuwa aka yi aka raba. Faɗan mota ya cancanci 9 cikin 10, tsintar gwangwan bai wuce 4 ba, aka gauraya aka ce 7. Amma babu minti ɗaya a cikin wasan da ya yi kama da 7. Ko kana kan 9 ko kana kan 4. Shi ya sa ban yarda da lambar nan ba idan ana maganar wasannin tsaka-tsaki. Tana sa mutum ya ɗauka komai na wasan lami ne, alhali galibi abu ɗaya ne mai kyau ƙwarai aka binne a ƙarƙashin tarin abubuwan da aka kwaikwayo daga wasu. Ya ce duk da haka lokacin mutum ba shi da yawa, me zai sa ya haƙa rami don ya ciro abu ɗaya, ga wasannin da ko'ina ka taɓa zinariya ne? Maganarsa tana da ƙarfi, ban kuma musa masa ba. Ranar da Mad Max ya fito, 1 ga Satumba 2015, ranar ce shahararren wasan nan Metal Gear Solid V ya fito, kuma mutane da yawa irin wannan lissafin suka yi.

Shi ya zaɓi The Order: 1886, don bai taɓa bugawa ba. Na koma gefe na zama ɗan kallo.

Ko yau, hoton wasan nan yana sa mutum ya yi shiru. Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya, hayaƙi a kan rufin gidaje, jiragen balan-balan a sama, zaren rigar Galahad, jarumin wasan, ana iya ƙirga shi. Ba ka gane inda fim ya ƙare wasa ya fara. Ƙanina ya ɗauki wata bindiga a kan tebur yana jujjuya ta a hannun jarumin, ya fi minti guda yana duban yadda haske ke sauka a kan ƙarfen. Da ya samu bindigar nan mai feso garin sinadari a iska, sannan ka harba tartsatsi ya kama da wuta a kan maƙiya, sai da ya miƙe tsaye. A cikin labarin, Nikola Tesla ne ke ƙera wa jaruman makamai, kuma wannan dabara ce mai kyau.

Bayan awa 2 sai na lura ya jingina da kujera, hannun gem ɗin yana kan cinyarsa. Ya ce, "Yaya, yaushe za su bar ni in buga?" Tambayar da kowa ya yi ke nan a 2015. Ka yi tafiya a hankali a wani lungu, a karɓe hannun a nuna maka fim, a ce danna wannan maɓallin, ka harbi mutum 10 daga bayan akwati, a sake karɓewa. Bindigar wutar da ta burge shi, ba a jima ba aka raba shi da ita. Baƙaƙen layuka 2 a sama da ƙasan allo sun rage filin gani, abin da ya dace da fim amma yake takura mai harbi. Mutanen da ke rikiɗa su koma kerkeci, waɗanda su ne ya kamata su zama abin tsoron wasan, faɗa da su ya fi komai rauni: ya taho, ka danna ka kauce, ya koma bayan kaya, ya sake tahowa ta hanya ɗaya. Wasan duka bai fi awa 6 zuwa 7 ba, kuma daidai inda labarin ya fara zafi nan ya tsaya, kamar an ajiye sauran don kashi na 2. Kashi na 2 bai zo ba, kamfanin Ready at Dawn da ya yi shi ma an rufe shi a 2024.

Gajartarsa ba ta dame ni ba. Da awa 6 ɗin cike suke da irin bindigar nan da filin da za ka yi dabara da ita, da na riƙe faifan har abada. Abin da ya ba ni takaici shi ne duniya ce da aka gina da ƙauna, aka kuma hana ka taɓa ta. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ƙanina ya ce zai tafi da shi ya ƙarasa don ya ga ƙarshen labarin, na ce ya riƙe.

Da ya tafi, gari ya fara duhu, na saka Vampyr. Landan ce dai, har unguwar Whitechapel da muka baro ɗazu a The Order tana nan, sai dai yanzu 1918 ce, shekara 32 bayan wancan, annobar mura tana kashe mutane. Kai ne Dakta Jonathan Reid, likitan da ya dawo daga yaƙi ya wayi gari ya zama mashayin jini. Idan aka jera shi da The Order ta fuskar hoto, kunya zai ji. Fuskokin mutane a sandare suke, lodi, wato jiran wasan ya buɗe, yana daɗewa, babu hanyar tsallakawa daga unguwa zuwa unguwa sai ka taka da ƙafa ta lungunan da duk suka yi kama da juna, ƙofofi rabi a kulle ta ɗaya gefen. Faɗan ma ƙarfen ƙafa ne. Kyamara tana maƙalewa a bango, maƙiyan da ka kashe ɗazu suna dawowa inda suke.

Amma cikin ukun nan, shi kaɗai ne ya sa na ajiye hannun gem na yi tagumi.

Ga yadda abin yake. Mazauna unguwannin wasan guda 4, su 60 da 'yan kai, kowa da sunansa da sirrinsa da wanda ya damu da shi. Hanya mafi sauri ta samun ƙarfi ita ce ka sha jinin ɗayansu. Kuma jinin mutum yana ƙara daraja ne gwargwadon yadda ka san shi da yadda ka kula da lafiyarsa. Wato sai ka zauna ka saurari damuwarsa, ka haɗa masa maganin ciwon kai ko na gajiya, ka gano abin da yake ɓoyewa, sannan ne kashe shi zai fi amfanar ka. Wasan da kansa yake ajiye duk abin da ka yi, babu komawa baya. In ka kashe mutum ka kwanta barci, gobe za ka tarar da unguwar ta canza, wani yana makoki, wani ya ɓace, cuta ta ƙaru.

Na daɗe a maƙale a wurin wani babban abokin gaba da ya fi ni mataki sosai, domin tun farko ban kashe kowa ba. Yau ya kayar da ni sau 6. Na koma asibitin Pembroke na tsaya a gaban Thomas Elwood, sojan da yaƙi ya lalata wa fuska. Wasan ya nuna mini adadin ƙarfin da zan samu a jininsa, kuma ya isa ya fitar da ni daga wannan ƙangin. Ga Thelma Howcroft nan kusa, majinyaciyar da ta yarda ita ma mashayiyar jini ce, wadda kusan shi kaɗai ne yake zama da ita. Ni na yi masa magani da hannuna. Na fi minti 10 ina kallon allon.

A nan na ga wani abu game da faɗan da nake ta kuka da shi. Wahalarsa ce take ba jarabar nan ma'ana. Da faɗan yana da sauƙi, babu abin da zai sa in kalli Thomas sau biyu. Kamfanin Dontnod na Faransa ya ƙara yanayi mai sauƙi daga baya don masu son labari kawai, kuma na fahimci dalili, amma ni ba zan taɓa shi ba. Wannan bai wanke kyamarar da ke maƙalewa ba, bai kuma wanke lodin ba. Waɗannan aibi ne tsantsa. Sai dai manyan wasanni nawa na gama, masu sheƙi ta ko'ina, da suka ce mini zaɓina yana da nauyi, ban taɓa jin nauyin a hannuna ba kamar daren nan.

Na bar Thomas da ransa. Na koma maɓoyata na sake rarraba ɗan ƙarfin da nake da shi, na ƙara wa sandar da nake duka da ita inganci da tarkacen da na tara, na haɗa alluran jini 2. A karo na 9 na kayar da babban abokin gaban nan, saura ƙiris jinina ya ƙare.

Yanzu ƙarfe 11 ta wuce. The Order ya tafi da ƙanina. Mad Max na mayar da shi kusa da talabijin, na yanke shawarar zan bi labarin da ayarin motoci kawai, nakiyoyin su zauna inda suke sai wanda ya zama dole. Vampyr yana cikin na'urar. Akwai mutum 3 a Whitechapel da rashin lafiya ta kama tun barcina na ƙarshe, kuma maganin mutum 2 kawai nake da kayan haɗawa. Sauran faifai 6 na kwalin ban ko taɓa su ba.