Na gyara wa ƙato rigar amarya a Mercogliano

Sana'ata ɗinki, a lardin Avellino da ke kudancin Italiya nake zaune. Gab da bikin Carnevale, wanda ake yi kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40, 'yan wasan Zeza, wani wasan kwaikwayo na gargajiya, na garin Mercogliano suka kawo mini farar rigar amarya in buɗa ta. Da mai rigar ya zo awo, sai ga ƙato mai faɗin kafaɗa. A wasan nan maza ne ke fitowa a matsayin mata, tun zamanin da ba a yarda mace ta tsaya gaban jama'a tana wasa ba.

Na ƙara ƙyalle a hammata, na ninka ɗinkin ƙugu, domin bayan wasan akwai doguwar rawa, ana riƙe da sanduna lanƙwasassu masu ado da furanni. Na ɗage lafin kaɗan don kada takalminsa ya taka.

Zaman da na yi wurin gwaji ne ya fahimtar da ni labarin. Pulcinella, wanda a Mercogliano ake kira Granturco, uba ne mai kishi da ya rantse 'yarsa Vicenzella ba za ta auri Don Nicola ba. Matarsa Zeza kuwa ta riga ta gama shiri, ita ke shigo da saurayin gida a ɓoye. Uba ya yi ta bambami, ya kori yaro, yaro ya dawo da bindiga, dole uban ya sallama aka ɗaura aure. Ana fassara uban da tsohuwar shekara mai sanyi wadda ba ta son tafiya, auren kuma da shigowar bazara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai Zeza ce. Mai sanye da rigarta namiji ne, muryarsa ma ba ya ɓoyewa, amma duk wasan a hannunta yake juyawa. Ya tuna mini tashen Mairama da Daudu, inda yarinya ke sa babbar riga ta zama miji. Sai dai na ji zafin ganin matan da muka yi ta guga da ɗaura ɗankunne tare sun koma gefen titi ranar wasa, suna kallon maza na karɓar tafi da labarin da uwa ce ta yi nasara a cikinsa.