Sunayen da na rubuta da fensir

Rajistar aji uku ta zangon farko na shekarar 2014 tana nan cikin kabad ɗin ofishin hedimasta, gara ba ta taɓa ta ba har yau. Duk wanda ya buɗe ta zai tarar da sunaye kashi biyu. Na gaba da biro aka rubuta su, bi da bi, yadda aka saba. Na shafin baya kuwa da fensir ne, kuma hannuna ne ya rubuta su. Sunayen yaran da suka zo mana daga Borno da Adamawa ke nan.

A lokacin ina koyarwa a wata firamaren gwamnati da ke bakin garin Gombe. Shekarar ce Boko Haram ta ci Damboa da damina, ta ci Gwoza a watan Agusta, Bama a Satumba, Mubi kuma a ƙarshen Oktoba. Motoci suka yi ta sauke mutane, wasu ta hanyar Biu, wasu ta hanyar Numan. Yawancinsu cikin unguwanni suka bazu: wani ya raɓa a gidan ɗan'uwa, wani ya kama ɗakin haya guda ya zuba iyalinsa duka, wani ya shiga kango ya toshe tagogi da buhu. Bayan sati biyu ko uku sai ka ga uwa ta riƙo hannun yaro ta tsaya a ƙofar aji, ba takarda, ba yunifom.

Dalilin fensir ɗin ba wani abu ba ne, baƙo raɓa ne a wurina. Hedimasta ma cewa ya yi, "Malam, ka riƙe su hakanan, ƙura na lafawa za su koma gida." Na ga ba sai na ɓata rajista ba. In sun tafi, sai in sa abin gogewa.

Kuskure na biyu da kyakkyawar niyya na yi shi. Benci bai isa ba dama, sai na shimfiɗa babbar tabarma a bayan aji na tara su wuri ɗaya, wai don su ji daɗin juna, mai jin Hausa ya fassara wa wanda ba ya ji. Sai daga baya na gane ko juna ba su sani ba. Yaran Gwoza Hausa a bakinsu kamar ruwa, cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista, kuma kowane da yaren gidansu na dutse. Yaran ƙauyukan Bama Barbarci suke ji, wasu Larabcin Shuwa. Na Mubi suna Hausa suna Fillanci, da a ce na zaunar da su kusa da yaran unguwa da tun ranar farko sun saje. Ni na haɗa su a tabarma ɗaya kamar gudun hijira ƙabila ce.

Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne ranar jakunkuna. Wata ƙungiyar agaji ta kawo jakunkunan makaranta shuɗɗa, kowace da littattafan rubutu da fensir a ciki, aka ce na yaran da rikici ya koro ne. Na shiga aji na tafa hannu na ce, "'Yan gudun hijira, ku miƙe." Suka miƙe daga kan tabarmarsu, sauran yara duk suka waiwaya. Daga bakina sunan ya fito, a gaban kowa, kuma abin da malami ya faɗa a aji ba ya faɗuwa ƙasa. Kafin a tashi tara, sunan ya isa filin wasa. Kafin ƙarshen mako yara sun gajarta shi yadda ya fi musu sauƙi, sun mayar da shi "'yan Boko". Yaron da aka ƙone gidansu, shi ake kira da sunan wanda ya ƙone gidan.

Ana gama rabon, wani yaro ɗan unguwa ya ɗaga hannu. Ubansa ɗan ga-ruwa ne, shi kuma a leda yake zuba littattafansa tun daga aji ɗaya. Ya ce, "Malam, mu sai an ƙone mana gari za a ba mu?" Aji ya fashe da dariya, na daka masa tsawa ya zauna. Amma tambayarsa ba ta rashin kunya ba ce, kuma ban da amsarta. Talaucin da ke gidansu bai gaza na waɗanda aka bai wa jakar ba. Kwana kaɗan aka fara yage jakunkunan a hanyar komawa gida. Wasu daga cikin baƙin suka daina zuwa da tasu, suka koma leda kamar kowa, don shuɗiyar jaka tun daga nesa take faɗin ko kai wane ne.

Sannan tsoro ya shigo. A ƙarshen Oktoba bam ya tashi a wata tashar mota a cikin gari, ranar 22 ga Disamba wani ya tashi a Tashar Dukku, a watan Fabrairun 2015 kuma maharan suka shigo Gombe da kansu. Da aka dawo hutu, wani uba ya same ni a gindin darbejiya ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kun san su wane ne iyayen yaran nan?" Ban sani ba, kuma ba zan ce tsoronsa na banza ba ne, don shi ma ya yi jana'izar maƙwabci. A unguwa ana gunaguni kuɗin haya ya tashi, layin famfo ya ƙara tsawo, masu gidaje sun fara cewa sai mai unguwa ya tsaya wa mutum kafin a ba shi ɗaki. Mutanen da suka buɗe zaurukansu a watan Satumba, su ne dai suke kallon baƙin a kaikaice a watan Janairu. Ba sauya hali suka yi ba. Alherin na nan, tsoron ma na nan, duk a zuciya ɗaya.

Wanda ya buɗe mini ido bai taɓa zama a aji ba. Maigadin makarantarmu ne, wani dattijo Bafulatani, kullum yana kan benci a bakin ƙofa da 'yar rediyonsa. Akwai wata mata daga wajen Bama da ke kawo 'yarta ajina, ba ta komawa gida, sai ta zauna a jikin katanga har a tashi. Ba ta yarda yarinyar ta ɓace wa idonta. Mu malamai in za mu wuce sai mu sassauta murya: "Sannu Iya, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri." Ta amsa kanta a ƙasa. Wata guda muna yi mata gaisuwar ta'aziyya kowace safiya.

Rannan ina shigowa na ji Baffa maigadi ya ɗaga murya: "Af, ashe bayina ne suka iso ban sani ba! Ke baiwata, wata guda kina zaune a ƙofar ubangidanki ko goro babu?" Gabana ya faɗi. Na nufo shi da niyyar in ce masa, Baffa, wannan ba lokacin wasa ba ne. Kafin in ƙarasa matar ta ɗago kai, ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce da gurguwar Hausarta, "Kai Fulata, yaushe ka fito daga daji har ka samu kujera?" Ta yi dariya har tana rufe baki da gefen mayafi. Ranar na fara ganin haƙoranta.

Wasan Fulani da Barebari ya girmi makarantar, ya girmi jihar. Baffa ya ga tsagen fuskarta, ya ji harshenta, sai ya ɗauko abin da kakanninsa da nata suka saba yi wa juna. A wurinmu mai neman taimako ce da ba ta da abin mayarwa sai "na gode". A wurinsa abokiyar wasa ce, tana da bakin ramawa, kuma ta rama. Bayan kwana biyu ta daina zaman jikin katanga. Sai ta miƙa masa yarinyar ta ce, "Bawana, ka kula da ita," ta tafi harkarta.

Da zango na biyu na naɗe tabarmar nan. Na jera yara bisa tsawo, gajeru gaba, dogaye baya, wanda benci bai kai gare shi ba ya zauna ƙasa ko ɗan wane ne. Na sake rubuta rajista da biro, sunaye bisa jerin baƙaƙe. Da aka sake kawo kayan agaji na roƙi hedimasta a raba bisa buƙata, a ofis, ba a gaban aji ba. An yi hakan sau ɗaya, sau na biyu masu kayan suka ce lissafinsu bai ba da haka ba. Sauran aikin yara suka yi shi da kansu. Yaron Gwoza da ya iya tsaron gida a ƙwallo, ba wanda ya ƙara tuna daga ina ya zo. Yarinyar Bama, da ta yi sati uku ba ta ce uffan ba, kafin damina ita ke rigima a wasan carafke da Hausar Gombe tsantsa.

Uwarta kuwa ɗinkin hula ta kama, irin aikin da Bama ta yi suna a kai, tana haɗa turaren wuta tana kawo wa malamai mata. Ranar da na ji tana bin wata malama bashin turare a ƙofar ofis, tana cewa "Malama, wata ya mutu fa," na san ta zauna. Ba a cin bashin wanda ake zaton gobe zai tafi, shi ma ba ya bayarwa.

Sojoji sun ƙwato Bama da Gwoza a watan Maris na 2015. Na zaci baƙin za su koma gida. Kaɗan ne suka tafi, su ma ba nan take ba. Gidan da za a koma babu shi, gonar ba ta shiguwa, a nan kuma yara sun fara karatu.

A ɗakin malamai mun iya hukunci a kan baƙin wasu ƙasashe. A 2015 muna jin labarin 'yan Siriya da suka kwarara Jamus, muna yaba wa masu karɓa muna tsine wa masu zanga-zangar ƙin baƙi. A 2019 da aka far wa shagunan 'yan Nijeriya a Afirka ta Kudu, har jirgi ya je kwaso mutanenmu, mun yi ta cewa baƙar fata ya ci amanar ɗan'uwansa. In aka zo maganar Jos, da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, kowa ya san zafin a kira Bahaushe baƙo a garin da aka haifi kakansa. Wani tsohon malami ne kawai yake tuna mana cewa a 1983, zamanin Shagari, mu ma mun kori 'yan Gana, har da malamin da ya koya masa lissafi, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969. In ya faɗi haka sai a sauya zance.

Ni kaina jikan baƙo ne, abin da ban cika tunawa ba. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya zo, cinikin auduga ya kawo shi, ya zauna har jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Garin ma ba tsoho ba ne can: masarautar da Buba Yero ya kafa tana Gombe Abba ne da farko, sai a 1919 aka dawo da fada inda take yanzu, mutane suka yi ta zuwa daga ko'ina. Da na tashi neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin, mai unguwa ya san mahaifina, dagaci ya sa hannu, cikin kwana biyu na karɓa. Ban taɓa tambayar kaina a wace shekara gidanmu ya daina zama na baƙi ba, ko wa ya yanke hakan.

A 2024 yarinyar Bama ta zo nemana. Ta zama budurwa, ta gama sakandare, ta ci jarrabawar JAMB. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, takardar indijin ake nema. Na ce ko za a rubuta mini shaidar cewa a nan na yi firamare, wataƙila ta taimaka." Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama duk inda ya so a sashe na 41, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma gurbin karatu a makarantun jiha, da sauƙin kuɗin makaranta, da tallafin karatu, da aikin gwamnati, duk takardar nan suke bi, ita kuma asalin uba take bi, ba shekarun da mutum ya yi a gari ba. Ƙanenta da aka haifa a nan Gombe, wanda bai taɓa ganin Bama ba, shi ma haka zai tarar.

Muka shiga ofis na ɗauko rajistar. Na buɗe shafin baya na zangon farko, fensir ya dushe, da ƙyar na gane sunanta. Na yi sauri na juya zuwa zango na biyu kada ta gani, na kwafi lambarta daga can. Hedimasta na yanzu ya buga hatimi.

Bayan mako guda ta dawo ta ce an duba takardar an yaba, amma an ce ba ita ake nufi ba, sai ta je Borno ta karɓo ta ƙaramar hukumar mahaifinta. Uwarta ta sayar da huluna uku ta haɗa mata kuɗin mota. Har ta kai bakin ƙofa, inda bencin Baffa yake kafin rasuwarsa, sai ta juyo ta ce, "Malam, don Allah a wace tasha ake hawa motar Maiduguri?"